Zabuwar Baba da Kwalabe Biyu

A shekarun tamanin muna zaune a gidajen ma'aikata kusa da Kura, maigidana yana malamin gona a aikin noman rani. Maƙwabciyata Baturiya ce, matar injiniyan da ke kula da magudanan ruwa. Ba ta da kowa a garin, ni ma amarya ce, sai muka saba. Hausarta gurguwa, amma ba ta jin kunyar yin ta.

Wata rana ta ce shugabannin mijinta na wurin aiki za su zo daga ƙasarsu, tana son ta ba su abincinmu. Ta roƙe ni in dafa mata kaɗan kaɗan ta fara ɗanɗanawa. Na aika wa Baba a Bunkure, ya aiko da zabuwa daga cikin waɗanda yake kiwo, da saƙon Allah ya sa baƙuwa ta ji daɗi. Na yi farfesunta, na gasa kifi karfasa na dam ɗin Tiga, na soya funkaso da alkamar bana.

Da na shiga falonta na tarar da kwalabe biyu a kan tebur, ɗaya ja wur, ɗaya fara. Na ja na tsaya.

"Giyar inabi ce," in ji ta. "Ke ba sha. Ni sha. Ke zauna."

Na zauna. Ta zuba farar a kofin gilashi mai dogon wuya, ta juya shi a hankali, ta sansana, ta kurɓa, sannan ta gutsuri kifi. Ta lumshe ido ta ce sun dace. Da ta gwada jar da farfesu kuwa, sai tari, har da hawaye. Wai yaji da giyar sun haɗu sun kunna mata wuta a maƙogwaro. Dariya ta ƙwace mini.

Ta miƙo mini kofin. "Hanci kawai."

Na karɓa. Na ce mata jar tana ƙamshin tsamiyar da ta kwana a jiƙe, da ƙasar fadama idan an saki ruwa. Farar kuma kamar ɗanyen mangwaro. Ta tafa hannu don murna. Daga nan baki ya buɗe: ni ce mai cewa a rage barkono a farfesu idan da jar za a ci, ni ce mai cewa funkaso ya fi son farar. Tana gwadawa tana gyaɗa kai. Rabona da jin daɗin hira haka tun ina gidanmu.

Kiran sallar la'asar ne ya dawo da ni. Na dubi hannuna riƙe da kofin, na ajiye shi kamar ya ƙone ni. A gida na yi ta wanke hannu da sabulu, ƙamshin yana nan a hancina har cikin sujada. Maigidana ya ce ai ban sha ba, in kwantar da hankalina. Hankalin bai kwanta ba.

Ranar kasuwa Baba ya biyo. Uwata yake ce mini, don sunan mahaifiyarsa na ci.

"Uwata, baƙuwar taki ta ci zabuwa?"

"Ta ci, Baba."

"Da me ta kora?"

Na sunkuyar da kai na faɗa masa duka. Ya daɗe yana murza hularsa a gwiwa.

"Abinci dai ba a hana baƙo," ya ce. "Amma ke, me ya zaunar da ke?"

Ya sha ruwa ya tafi.

Ranar liyafar na dafa komai yadda muka tsara, na ba maigidana ya kai, ban leƙa ba. Washegari ta zo da kwanukana a wanke, fuskarta cike da labari. Na tsaya a bakin ƙofa na karɓa, ban ce ta shigo ba. Ta dube ni, murmushinta ya ragu.

"Na yi laifi?"

"A'a," na ce. "Ba ki yi ba."

Ta jira in ƙara wani abu. Ba ni da Turancin da zan yi mata bayani, ita kuma Hausarta ba za ta ɗauka ba. Muka ci gaba da gaisawa ta saman shinge har damina ta faɗi, aka mayar da mijinta ƙasarsu.