Injin da Halidu Ya Lulluɓe

Duk wanda ya koyi taɓa ordinatar, wato kwamfuta, a Dakoro, da wuya bai bi ta shagon Halidu ba. Ɗan ɗaki ne a bayan tasha, da tsofaffin injuna huɗu, kuma da su yake ci da iyalinsa. Haƙuri gare shi har ya yi yawa, ni kam haƙurin nan nasa haushi yake ba ni.

Injunan kyauta ce daga surukinsa, Elhaji Agali, dillalin raƙuma. Yazidu ɗan Elhaji ne ya zo daga Yamai ya sa musu manhajar Linux, ya zaɓi fuskar allo da ake kira GNOME. Kyau kam akwai, amma ta fi ƙarfin injunan, kamar a ɗora wa jaki kayan raƙumi. Mai koyo ya danna ya zauna jira, ya nemi inda ake buɗe abu ya rasa. Ƴan matan da ke son aikin sakatariya suka fara janye jiki.

Halidu ya san maganin. Akwai wata fuskar, XFCE, marar nauyi, mai maɓalli guda a kusurwa da ke jera komai. To amma duk ranar kasuwa Elhaji kan kawo abokansa su ga aikin Yazidu. Wa zai dubi idon surukinsa ya ce aikin ɗanka bai yi ba? Halidu ko sunan mutumin ba ya iya faɗa. Ya roƙi matarsa Zara ta yi maganar, ta ce ita ba ta shiga tsakanin wanta Yazidu da mijinta.

Sai ya yi dabara. Ya sauya fuskar inji ɗaya na lungu, ranar kasuwa ya lulluɓe shi da zane. A kansa masu koyo suke layi, har wasu da suka gudu suka dawo.

Wata ranar kasuwa Elhaji ya nuna zanen da sandarsa.

"Wanga hwa, malam? Ya lalace ne?"

Halidu ya sunkuyar da kai. "Shina ɗan hutawa ne, Baba."

"Kai dai da kunya. Abu ya ɓaci ka yi shiru?"

Nan take Elhaji ya sa aka ɗauki injin zuwa tasha, a kai wa Yazidu ya mayar da shi kamar sauran. Halidu da kansa ya taya ɗaure kwalin, ransa a ɓace, bakinsa yana ta godiya.