Alhaji Ba Ya Sayen Gida da Sanyi

Maigidana jikan 'yan hatsi ne. Kakansa da mahaifinsa duk a bakin buhu suka tsufa a Kano, kuma karatu ɗaya ya gada a wurinsu: ba a taya gero ranar da manomi ke dariya. Sai an bari buƙata ta shaƙe shi, ya ɗauko da kansa ya kawo. Alhaji ya bar hatsi ya koma lodin kaya daga Dubai zuwa gida, amma karatun bai bar shi ba. Ko tumatir zai saya, sai ya jira mai shago ya fara tattara kayan tashi.

Lokacin muna zaune a Al Qusais, gida ɗaya da wasu iyalai biyu. Kicin ɗaya, banɗaki sai an bi layi, man girkina kuwa a ƙarƙashin gado yake kwana saboda masu dogon hannu. Kullum maganata ita ce a saya mana namu, ko ɗaki biyu ne. Kullum amsarsa lokaci bai yi ba.

A Dubai gidaje ma suna da kakarsu. Da sanyi gari cike yake da baƙi, kowa na yawon duba gida, mai gida yana yanga. Zafi na shigowa masu hali su kwashe 'ya'yansu su bar ƙasar, dillalai su zauna suna hamma. Duk wanda ka ga ya sa gidansa a kasuwa a tsakiyar zafi, dole ce ta sa shi.

Akwai wani mutumin Kafanchan da 'yan kasuwarmu ke kira Injiniya. Kirista ne, yana gyaran injuna a wata masana'anta a Dubai Investments Park. Ran Lahadi idan ya taso daga coci yakan biyo ta shagunan mutanen Kano a Al Buteen, a ci tuwo tare, a yi ta tsokanar juna. Shekarunsa na aiki duk ya zuba su a ƙaramin gida ɗaya a wani bene kusa da wurin aikinsa. Sai aka sanar da su za a rufe sashensu da shigowar zafi, bizarsa kuma a jikin aikin take. Ya yanke shawarar ya sayar tun da sanyi, ya koma gida ya buɗe wurin gyara nasa. Ba shi da wani abin komawa da shi sai kuɗin gidan nan.

Alhaji ya kai ni muka gani. Ɗaki biyu ne da falo, kicin har da taga. Na tsaya a bakin tagar na ji zuciyata ta riga ni tarewa. Matar Injiniya ta kawo mana gwate, faten mutanensu, da zafinsa, tana ta Hajiya ki ƙara, Hajiya ki saki jiki. Injiniya ya faɗi kuɗin da yake so. Mutumin da ke ja-in-ja a kan tumatir bai rage ko sisi ba.

“Na saya, Injiniya. Halas, magana ta ƙare.”

Suka tafa. Injiniya ya sosa ƙeya ya ce, “Alhaji, ko za mu ɗan rubuta, a ba da kafin alƙalami?”

“Haba ɗan'uwa, takarda ai ta baƙo ce. Kwantenata na kan ruwa. Tana isa ka ji kuɗinka a hannu, ba banki ba dillali.”

Washegari ya zauna a majalisar 'yan kasuwa ya shelanta cewa gidan Injiniya cinikinsa ne. A wurin mutanenmu ba a ciniki a kan cinikin wani. Akwai waɗanda da sun saya a ranar ba tare da jan rai ba, amma tun da Alhaji ya riga, duk suka naɗe hannu.

Ana cikin sanyin wani Ba'indiye ya ji labarin gidan, ya zo da kuɗinsa. Injiniya ya kira Alhaji a waya, ina zaune ina ji.

“To ka sayar masa mana,” in ji Alhaji, cikin sanyin murya. “Ni dai na ɗauka tafin ɗan gida magana ce. Amma ba komai, sai in faɗa wa jama'a an fasa.”

Injiniya ya yi ta ba da haƙuri kamar shi ya yi laifi. Ya sallami Ba'indiyen.

Kwantenar nan ta daɗe da isa, har an sayar da kayan. Na tambayi Alhaji me yake jira, ya ce in bari zafi ya yi aikinsa. Na ce mutumin nan fa ka ci abincinsa. Ya ce gwate ya ci, ba alkawari ba, kuma shi bai ce ba zai saya ba. Na yi fushi, na ƙi yi masa magana har ya fita. Da rana na tarar an ƙarar min da gishiri a kicin, fushin ya koma wani wurin.

Haka aka yi ta yi. Yau kwastan sun riƙe kaya, gobe canji ya lalace, jibi shuwayya shuwayya, a bi a hankali, ɗan'uwa. Zafi ya shigo, irin wanda marfin mota ke ƙona hannu. Aiki ya ƙare, aka soke biza, aka ba Injiniya wa'adin barin ƙasa. Sai a lokacin ya ruga wurin dillalai. Gari ya watse. 'Yan ƙalilan da suka leƙo sai sun nemi rancen banki, shi kuwa ba shi da lokacin jiran banki. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ya daina zuwa cin tuwo.

Da wa'adin ya matso, Alhaji ya sa babbar rigarsa ya fesa turare, ya ce in shirya, lokaci ya yi. A falon su Injiniya akwatuna a ɗaure suke. Ba wanda ya kawo mana ko ruwa.

“Injiniya, ka ga yadda kasuwa ta faɗi. Wancan farashin na sanyi ne. Ni ma don kai ne zan shiga.”

Ya faɗi nasa kuɗin. Matar ta tashi ta shige ɗaki ta rufe ƙofa. Injiniya ya ce, “Albarka.” Alhaji ya miƙe yana gyara hula. Har mun kai bakin ƙofa muka ji muryar Injiniya a bayanmu.

“Na sallama.”

Ranar da za a sauya sunan mai gida muka haɗu a ofishin da ake yin wannan. Ma'aikacin ya gama dubawa, aka sa hannu, saura a miƙa cakin kuɗi. Injiniya ya miƙo hannu. Alhaji ya riƙe cakin da yatsu biyu bai saki ba.

“Ba ka sa mana albarka ba, ɗan'uwa.”

Injiniya ya dube shi.

“Ni ba na shiga gidan da ba a sallama min da zuciya ɗaya ba,” in ji Alhaji. “Haka na taso na ga ana yi. Mai kaya shi ke sa albarka. Iyalina za su kwana a ciki.”

Da gaske yake yi, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Ma'aikacin ba ya jin Hausa, sai duban agogo yake yana cewa yalla, wato a yi sauri. Ni na sunkuyar da kai, kunya ta rufe ni, ga mukullin gidan a tafin hannuna na damƙe shi tamau.

“Allah ya sa albarka,” in ji Injiniya, can ƙasa-ƙasa.

“Ban ji ba.”

Injiniya ya ɗaga murya, a gaban matarsa.

“Allah ya sa albarka, Alhaji. Allah ya sa ku ji daɗin zama.”

Alhaji ya ce amin, ya shafa a fuska, sannan ya saki cakin.