Mastar Daga Nesa da Sallamar Kawuna

Shekarun baya, da na gaji da koyar da Faransanci a kolej ɗinmu na Dakoro da digirin lisansi kawai, na ce ni ma sai na yi mastar. Ɗalibaina wani da Hausa yake zuwa, wani da Fulatanci, wani da Buzanci, ni kuwa in tsaya gabansu in yi ta zuba Faransanci kamar mai zuba ruwa a kwando. So nake in karanci ilimin harshe da dabarun koyar da shi, ko na gane inda gizo ke saƙa. Tafiya Yamai ba ta taso ba, don idon mahaifiyata ya fara rauni, kuma ni kaɗai ne ɗanta a gari. Sai dai karatu daga nesa, ta intanet.

Na yi ta bincike har kaina ya yi zafi, na tsaya kan biyu. Ɗaya aji ne kai tsaye: malami na magana kana kallonsa yana kallonka, a lokacin da su suka yanka. Ɗayan kuwa darasi ake ɗorawa, ka sauke, ka saurara sa'ad da ka samu sarari. Na kai maganar wajen abokina, malamin Ingilishi, mutumin da bai taɓa rasa ra'ayi a kan komai ba.

Ya ce, "Malam, kar ka kuskura ka ɗauki na biyun, karatun ragwaye ne. Ɗauki wanda farfesa zai san fuskarka."

Ni kuma da son a san fuskata, na biye masa.

Suka ce sai an yi hira da ni ta bidiyo kafin a ɗauke ni, suka sa rana. Ranar ta faɗo daidai da kasuwar Dakoro. Su can ina ruwansu da kasuwarmu? Na cika ordinatar, wato kwamfuta, da caji don kar wuta ta yi halinta, na jawo tebur bakin taga inda rezo, wato sabis, ya fi kamawa, na saka kwat cikin wannan zafi. Sannan na ce wa mahaifiyata, "Inna, duk wanda ya zo a ce ya ɗan jira, ina aji."

Ta ce, "Wane aji? Ɗakinka ne fa."

Aka fara. Farfesoshi biyu, mace da namiji, murya na zuwa tana yankewa. Da ƙyar na shiga bayanin abin da nake son bincika. Ina tsaka da zuba, sai na ji, "Salamu alaikum!" Labule ya ɗaga. Kawuna ne, yayan mahaifiyata, ya biyo motar ƴan kasuwa daga Bader Goula. Shi ne ya kama hannuna ya kai ni lakwal, makarantar boko, bayan rasuwar mahaifina. Kuma duk dangi sun san gaisuwarsa: sai ya tambayi gida, iyali, aiki, gajiya, zafin rana, ya komo ya sake daga farko.

Ga shi tsaye ya miƙo hannu, ga matar can cikin allo ta jefo mini tambaya tana jira. Wallahi ban san lokacin da hannuna ya tashi ba. Na ɗaga masa tafi, irin yadda nake yi wa ɗalibin da ya yi magana ba izini. Ko tashi ban yi ba. Ya ɗan tsaya da hannunsa a miƙe, sannan ya saki labulen.

Da na fito, ya tafi. Furar da aka dama masa na nan ko taɓawa bai yi ba. Mahaifiyata ta ce, "Ka kyauta."

To jama'a, ya aka so in yi? In ce wa farfesoshi su dakata kawuna zai tambayi lafiyar awaki? Haushi ya ishe ni, na rasa wa zan ji wa. Kafin mako ya zagayo magana ta kai Kornaka wajen gwaggona: wai na zama nasara, da allo nake gaisawa yanzu.

Sun ɗauke ni, ka ji wani abin takaicin. Da tsarin darussa ya zo, kusan kullum da la'asar ne, daidai lokacin da mutane ke shigowa duba mahaifiyata. Ta ce, "Ko ka nemi karatun da zai bar ka ka tashi ka gaida mutane, ko ka tafi Yamai gaba ɗaya, in san ba ni da ɗa a gida."

Na hau babur har Bader Goula ban haƙuri. Na ce, "Kawu, mutane ne a cikin na'urar, suna jirana."

Ya ce, "Ni da ke bakin ƙofa mi nike? Icce?"

Na dawo na koma na biyun, na ragwayen. Abokina ya ce na yi asara. Na ce, "Kai ka je ka yi wa kawuna bayani." Aƙalla wannan farfesan ina tsayar da shi tsakiyar jimla in je in amsa sallama, in dawo in tarar bai yi fushi ba. Karatun ya ja fiye da yadda aka tsara, tsakanin suna da gaisuwar rasuwa da baƙin kasuwa, amma na gama.

Yanzu in malami ya tambaye ni wanne zai zaɓa, nakan ce ya binciki ingancin difilom, ya duba rezo da wuta, sannan ya tambayi kansa wa ke iya faɗo masa ɗaki. Masu tsara karatun nan sun ɗauka kowa na da ƙofar da yake kullewa. Mu labule gare mu. Har yau in na tuna, raina na ɗan sosuwa.

Ranar da difilom ya iso, kawuna na fara kai wa. Ya juya shi, ya sake juyawa, ya ce, "Wai karatun mi ne ma?"

Na ce, "Harshe, Kawu. Yadda ake koya wa mutane magana."

Ya ce, "To madalla. Amsa sallama fa, an kai ku wurin, ko sai baɗi?"