Amsar da Na Kawo Daga Lambara

Abin da na fara gani da na sauka daga mota a ƙofar makarantarmu ta kwana a Boɗinga shi ne tagar gidan malamarmu ta Turanci babu labule. Labulen shuɗi ne mai zanen kifi, tun ina aji ɗaya nake ganinsa. Ranar sai ga bangon ɗakin ana hangowa daga hanya. Na dawo daga hutu a makare da mako biyu, domin sai da Baba ya sayar da tunkiya kafin a samu kuɗin mota da na sabulu.

Malamar 'yar Ghana ce. Tana da hanyarta ta koya mana maganganun Turancin nan da in ka bi su kalma-kalma sai ka ɓace. Ran Litinin takan rubuta ɗaya a gefen allo, ta sa shi a jimla, ta hana mu buɗe ƙamus. Ran Juma'a sai ta tambaya: da innarki ce, me za ta ce a nan? Wadda ta samo maganar Hausa da ta dace sai ta miƙe ta faɗa. Malama ta rubuta a littafinta, ta maimaita da bakinta har aji ya fashe da dariya.

Na tuna makon da ta rubuta "pull up your socks". Wata mai surutu a bayana ta ce, "Malama, ai sai a fara raba mana safar tukuna!" Ni kuwa tun ran Talata na gane zage damtse ake nufi. Juma'a ta zo, hannuna ya ƙi tashi daga kan tebur. Wata ta faɗa, aka tafa mata. Haka na yi shekara biyu. Sau ɗaya na rubuta amsa a 'yar takarda na ajiye mata a kan rajista. Ta karanta, ta dube ni, ta ce a ajinta da baki ake ba da amsa, ta mayar mini da takardata.

Da za mu tafi hutun ƙarshen shekara ta ba mu "make ends meet". Jimlar a kan wata mata ce da mijinta ya rasu, tana sayar da gyaɗa don ta yi wannan abu. Na ɗauki alkawari a raina cewa wannan karon ni zan faɗa.

A gida, a Lambara, na samu Inna tana tankaɗe. Na fassara mata yadda na iya, wai a sa bakin nan ya haɗu da bakin can.

"Mi kinka ce? Igiya Turawan ka tubka?"

Na ba ta labarin mai gyaɗar. Ba ta ko ɗago kai ba.

"Wagga ai rufin asiri taka nema, ɗiyata. In wanga ne karatun, da kin zamna gida na koya miki."

Na rubuta, amma ban gane sosai ba sai da kwanaki suka tafi. Shekarar ce ake ta maganar tsuke bakin aljihu a rediyo. Sabulu ya yi tsada, Inna na yanka shi gida huɗu da zare. Wata safiya ina share ɗakinta na lura jeren kwanoninta na aure ya matso gaba. Na leƙa bayansu, sai na ga babu komai, sai shacin gindin kwano a kan katako. Ashe tun daga layin baya take cirewa ɗaya-ɗaya tana ba dillaliya, ta jawo sauran su toshe gurbin. Mai shigowa gaisuwa ba zai ga abin da ya ragu ba. Ban ce mata na gani ba.

Da wannan amsar na dawo makaranta. A ɗakin kwana aka gaya mini gwamnati ta ce baƙin da ba su da takarda su bar ƙasa. Malama tana da takardarta, amma mijinta, wani tela a Sakkwato, ba shi da ita, don haka za ta bi shi su koma Ghana. Ta daina shiga aji tun jiya, mota kawai suke jira.

Bayan la'asar na tafi gidanta. Kayanta na shimfiɗe a ƙofar gida: risho, tukwane, katifa, har da takalman ɗanta da suka yi masa kaɗan. Matan ma'aikata na ɗagawa suna juyawa. Na tsaya jikin dalbejiya har suka watse.

"Ke, mai shiru," ta ce da Hausarta. "Kin zo saya?"

Na girgiza kai. Na ce na kawo amsar hutu. Muryata ta fito ƙasa-ƙasa: rufin asiri.

Ta ce ba ta san shi ba, in yi mata bayani. Ban taɓa yin Turanci mai tsawon na ranar ba. Na gaya mata zancen sabulu, da kwanonin Inna, da yadda mutum kan ci ya sha daidai gwargwado ba tare da maƙwabta sun san halin da yake ciki ba. Ta dubi kayanta a fili, kowa ya gama gani.

"Naku ya fi namu," in ji ta. "Namu ciki kawai ya sani. Naku ya san kunya."

Ta laluba jakarta, sai ta tuna littafin yana can ƙasan akwati, an riga an ɗaure. Ta maimaita maganar sau biyu don kada ta manta. Ba wanda ya yi dariya, mu biyu ne kawai.

Na tambaye ta yaushe motar za ta zo. Ta ce ko gobe, ko jibi, direban bai tsayar da magana ba.

Na ce, "Malama, don Allah in ba ta zo da safe ba, ki shigo ajinmu ko na minti biyar ne. Ki yi tambayar a gaban kowa. Zan ɗaga hannu."