Malam Hambali Mai Hoto, Wanda Ba Ya Goge Fuska

Injiniya Ɗanbaba ya faɗa a teburin mai shayi na bakin tashar Kura cewa duk kwamfutar da ya ɗora wa hannu, daga nan har Bunkure, ita da bairos sai dai a lahira. Ya ce ko daga Amurka bairos ɗin ya taso, in ya zo bakin kanal ɗin ban ruwa sai ya juya. Da biredi a bakinsa ya faɗa. 'Yan watanni ya yi a wata makarantar kwamfuta ta saman bene a Kano, ya dawo da takarda mai ruwan zinare a gefe da kuma sunan Injiniya. Ba wanda ya musa masa, don yawancin masu shan shayin ba su san ko bairos ɗin dabba ne ko aljani ba.

Ba shi za a yi wa jinjina ba, shi ya iya yi wa kansa. Malam Hambali mai hoto za a yi wa, wanda ƙarshen watan nan zai miƙa wa 'yarsa Ummulkhairi makullin shago, saboda yanar da ke idonsa ta kai matsayin da ba ya raba mai zama a benci da labulen da ke bayansa.

Duk wanda ya san layin 'yan shinkafa ya san shagon. Ɗaki ɗaya ne, da shuɗin labule, da benci, da kwamfuta lulluɓe da tsohon zane saboda ƙurar injin casa. In ya fito daga masallaci da asuba sai ya share ƙofa, ya yayyafa ruwa, ya leƙa man janareto, sannan ya yaye wa kwamfutar zane a hankali kamar mai tashin mara lafiya. Kafin rana ta ɗaga an fara shigowa. Manomin da ƙungiyar ban ruwa ta ce ya kawo fasfo, maniyyaci, Bafulatanin da aka ce sai da hoto za a yi wa shanunsa allura. Kowa magana ɗaya yake ji: "Ɗago haɓa. Kar ka yi dariya, kar kuma ka ɓata rai, ba gaban alƙali kake ba."

Abin da ya raba shi da sauran masu hoto shi ne ba ya gogewa. Wasu da sun wanke maka fasfo sun karɓi nasu, sai su share ka don wuri ya samu. Shi tun da ya bar kyamarar fim ya koma kwamfuta, duk fuskar da ta zauna a bencin nan tana nan, kowa a foldar garinsu: Karfi, Imawa, Gafan, Bunkure. Ya ce mutumin karkara sau ɗaya yake zama gaban kyamara a rayuwarsa, shi ma sai hukuma ta matsa masa. Shi ya sa in an yi rashi, an share makoki, za ka ga wani ya tsaya a ƙofar shagon yana murza hula. "Malam, ko kana da na Baba?" Yana da shi. Ya wanke ya sa a ambulan, in an miƙo hannu da kuɗi ya ce a kai wa marayu.

Kai ne ma'ajin fuskokin mutanen da ko su ba su yi tunanin fuskarsu abin ajiya ba ce, Malam Hambali.

To sai zamani ya kawo waya mai memori, ya kawo filash. Samari suka fara zuwa a tura musu waƙa da wa'azi, ɗalibai a buga musu takarda, kowa ya zo ya cusa nasa a jikin kwamfutar. Ɗanbaba ya zo ya saka mata antibairos na kyauta, ya nuna wa Malam Hambali wata koriyar alama a kusurwa, ya ce muddin tana kore ya kwanta ya yi barci. Bai tafi ba sai da ya manna sitika mai lambar wayarsa a jikin akwatin.

A bara da rani, lokacin tumatur, motar da ta ɗauko kwanduna daga Kwanar Gafan za ta Kudu ta faɗi a hanya. Cikin waɗanda suka rasu har da Dattijo, ɗan Iya Saude ta Bunkure, shi kaɗai ne namiji a ɗakinta. Can aka yi masa sutura. Uwar ba ta ga gawa ba, hularsa kawai aka kawo mata. Ya bar matarsa da ciki, bayan wata biyu ta haifi mace aka sa mata Khaulat.

Ranar wata kasuwa Iya Saude ta zo shagon, ta ƙi zama a benci, ta zauna a ƙasa bakin ƙofa.

"Mai hoto, an ce Dattijona ya taɓa zama a nan."

"Ya zauna, Iya. Shekarar da aka yi rajistar taki. Dogo, mai tsagen gado a kunci."

"Shi ne. Ba don ni ba, ni yana cikin idona. Don yarinyar ne. Kar ta tashi ana ce mata ubanki, tana kallon bango."

Ya juya ya danna foldar Bunkure. Ta ƙi buɗewa. Ya sake dannawa, sai ta haifi wata foldar mai sunanta, ita ma babu kowa a ciki. Ya duba ta Karfi, haka. Ta Gafan, haka. Alamar kusurwa kuwa kore shar, kamar gonar albasa.

"Yana ciki?" in ji Iya.

"Yana ciki. Akwatin ne ba shi da lafiya. Ki dawo kasuwa mai zuwa."

Aka kira Injiniya. Ya zo da jaka a kafaɗa, ya duba alamar, ya ce ai ga shi nan, kore ne, babu bairos, tsufa ne kawai ya kama kwamfutar kamar mai ita. Magani ɗaya ne, a yi mata fomatin, wato a wanke cikinta tas a fara daga farko.

"Mutanen da ke ciki fa?"

"Baba Hambali, hotuna ne fa. Sai su dawo a sake ɗauka."

"Wasu ba sa dawowa, Injiniya."

Kasuwa ta zagayo Iya ta dawo, ta sake zagayowa ta sake dawowa. Ba ta taɓa yin ƙorafi ba, sai dai ta tambayi jikin akwatin kamar yadda ake tambayar jikin mutum, ta ajiye masa ƙullin kuɓewa busasshiya ta tafi. Ummulkhairi ta ce a kwanakin nan tuwon mahaifinta a rufe yake komawa.

Wani malamin firamare ne ya ba Malam Hambali labarin wata Muhsina da ke kula da kwamfutocin wani kafen intanet a Kano. Mai acaɓar nan da ake kira Tambaya yana nan da ransa, shi ya kai shi, a tambaye shi. Malam Hambali ya samo kwandon tumatur, ya shimfiɗa bambaron shinkafa a ciki, ya kwantar da akwatin kwamfutar, ya rufe da dardumarsa, ya rungume a cinya. Duk ramin da za a shiga sai ya ce, "A hankali, Tambaya, da mutane a ciki." Wani ɗan sanda a hanya ya ce a buɗe kwandon, ya leƙa, ya ce su wuce.

Muhsina ba ta zagi antibairos ɗin Ɗanbaba ba. Ta ce yana aikinsa, amma akwai ɓarayin da bai san fuskarsu ba. Ta saka wani da ake kira antimalwaya, ta sa shi ya zaga cikin kwamfutar. Ya fara kamo su ɗaya bayan ɗaya har ta gaji da karantawa.

"Baba, wannan na gwaji ne, sai ka kira shi yake zuwa. Akwai na kuɗi. Shi a bakin ƙofa yake tsayawa, duk filashin da aka cusa sai ya caje shi kafin ya shiga."

"In an kawo shi, sai a kori na farkon?"

"A'a, tare za su zauna. Ba sa faɗa."

Malam Hambali ya ce ya gane. A Kura ma injin casa yana cire ƙaiƙayi, amma ba wanda ya fasa tsince tsakuwa don yana da inji. Ya ce a saka. Abin da ya sayar ya biya bai faɗa wa kowa ba. Ummulkhairi ce ta ga ƙusar da tsohuwar kyamarar fim take rataye ba komai a kanta, kyamarar da ya fara sana'a da ita tun kafin a haife ta.

Foldoji suka dawo, amma ba duka lafiya ba. Wasu hotunan bairos ya riga ya ci. Muhsina ta yi iya yinta, ta ce abin da ya tafi ya tafi. Da aka buɗe na Dattijo sai ga hula, ga goshi, ga idanu, ga rabin hanci. Daga nan zuwa ƙasa toka ce kawai, kamar an shafe da siminti.

Da suka dawo Kura, Ɗanbaba ya ce an cuci tsoho. Ya ce sarki biyu ba sa zama gari ɗaya, kuma mai kore a kusurwa ba ya buƙatar ɗan haya. Da ya ga hoton sai ya ce wannan ai wasa ne, a yanko haɓar wani daga foldar Imawa a ɗora, tsohuwa ba za ta gane ba.

"Ita za ta gane," in ji Malam Hambali. "Yarinyar ce ba za ta gane ba. Sai ta girma tana son bakin wani."

Ya wanke shi yadda yake, babba, ya sa a ambulan. Ranar kasuwa Iya ta zo, wannan karon da Khaulat a baya. Ya daɗe yana juya ambulan ɗin kafin ya miƙa.

"Iya, ban cika alƙawari ba. Rabi na samo."

Ta zaro. Ta kai shi bakin ƙofa inda haske yake. Ta daɗe tana kallo, babban yatsanta yana bin girar. Sannan ta kwanto jaririyar, ta ɗora ta a cinya, ta kara hoton a gefen fuskarta.

"Ba komai, mai hoto," ta ce. "Bakin yana wurin wannan. Idon ne dama ba ta ɗauko ba."

Malam Hambali ya tashi ya ce zai duba janareto. Janareton ba abin da ya same shi.

Tun daga lokacin, duk bayan 'yan makonni ake ganin kwandon tumatur a bayan Tambaya ya nufi Kano, don masu gadin biyu sai an jona su da intanet suke sanin sababbin ɓarayi, a layin 'yan shinkafa kuwa babu. Ruwa ya dake shi a hanyar, rana ta dake shi, idon yana ƙara rufewa bai fasa ba. Ya kuma koyi kwafe hotuna a faifai yana ajiyewa a gida. Waɗanda suka salwanta bai daina ambatonsu ba. Akwai wani tsoho na Karfi da 'ya'yansa suka zo nema aka tarar nasa toka ne tun daga hula, har yau in an ambaci Karfi sai ya sunkuyar da kai kamar shi ya ci hoton.

Kai ne ka tsaya gadin waɗanda ba su san kana gadinsu ba. Yanzu fuskokin da ka tara sun fi ƙarfin idonka, sai dai Ummulkhairi ta faɗa maka wane ne ya shigo. Mun gode, Malam Hambali. Allah ya ba ka lafiyar ido, ya sa ka ga fuskar da ta fi kowace fuska. Masu shagon kwamfuta kuma, daga Kura har Kumbotso, in an ce muku akwai mai gadi na biyu, kar ku tsaya jiran ranar da wata uwa za ta zauna a bakin ƙofarku kafin ku nemo shi.

Saura abu ɗaya da ya faru a ranar da Iya ta karɓi hoton. Tana bakin ƙofa tana gyara goyo, Ɗanbaba ya shigo, ya ce har yanzu bai makara ba, yana da abin da zai dawo da fuskar gaba ɗaya, a ba shi wuri. Ya zaro filashinsa daga aljihu, wanda yake yi wa kwamfutocin Kura da Bunkure magani da shi, ya cusa. Sabon mai gadin ya yi ƙara. Allon ya yi ja.

Malam Hambali ya matso da fuska har hancinsa ya kusa taɓa gilashin, bai ga komai ba sai jan.

"Injiniya, kai ne mai Turanci. Me ta ce?"

"Ta ce ta kama wani abu."

"Wane iri?"

Ɗanbaba ya karanta sunan a hankali. Malam Hambali ya san sunan, shi Muhsina ta yi ta maimaitawa a Kano ranar da aka buɗe hoton Dattijo.

"A ina ta kama shi?"

Wurin yana rubuce ƙasa da sunan, da manyan baƙaƙe. Sunan da Ɗanbaba ya raɗa wa filashin ne da hannunsa, nasa sunan, har da Injiniya a gaba.