Kwandon Daddawar Goggo

Jiya a motar Kankia na ji wani malamin jami'a a rediyo yana bugun ƙirji, wai sun ɗaga masu ƙananan sana'o'i a karkara. Na ja tsaki har direba ya waiwayo. Marigayiya Goggo na tuna, yayar babana, mai daddawa a Bauranya.

In ta dafa kalwa ta lulluɓe a kwando da ganye da tsummoki, ba mai buɗewa sai an kwana uku. "Daddawa ba ta son ido," haka take cewa.

Ina gidan ranar da 'yan jami'a suka zo cikin farar mota, wai za su koya mata zamani. Kwana ɗaya da rufi, ɗayansu ya yaye kwandon don ya ɗauki hoto.

"Ɗan nan, wa ya aike ka?" in ji Goggo.

"Bincike ne, Iya."

Zafin ya fice, kalwar ta lalace, kasuwa ta ci ba Goggo. Suka bar wa tsohuwa hular hana-salla mai tambari, ba su sake dawowa ba.

Allah ya jiƙan Goggo, ya sanyaya makwancinta. Kwandon nan kuwa, Allah ya isar mata.