Layinmu a Filin Lakwal

A zamanin Nasara ba kai yaro lakwal, wato makarantar boko, ake yi ba, kama shi ake yi. Kumandan, Baturen mulki, ya aika wa sarki, sarki ya aika wa mai gari, mai gari kuwa ya duba gidan da ba shi da mai tsaya masa. Namu na ciki, don Baba ya tafi aikin tilas na hanya bai dawo ba. Haka aka ɗebe mu daga wani ƙauye na ƙasar Guci zuwa Magarya, mata na biye da mu har bayan gari suna kuka kamar an fita da gawa.

Iyaye ba su naɗe hannu ba. Akwai dabarar da kowa ya sani: a je wurin malam ya yi rubutun toshe kai, yaro ya sha, karatun Nasara ya ƙi shiga, mushe, malamin lakwal, ya gaji da duka ya koro shi gida. Inna ta kai zakara, ta kai gyaɗa. Duk hutu sai ta tsaya a kaina da ƙwarya har in shanye. Abokan tafiyata rubutun ya kama su, ko kuma su suka taya shi aiki, ɗaya bayan ɗaya suka koma gona. Ni kuwa kan nawa ya ƙi toshewa. Inna ta ce malamin ne ya tsufa.

Shekarar da za mu yi jarrabawar satifika aka kawo sabon kumandan, wani ramamme mai son ƙidaya. Wata safiya ya shigo lakwal, tafinta na biye da shi. Ya sa aka fito da mu fili aka jera mu: ƴaƴan sarakuna gefe guda, ƴaƴan ƴan kasuwa da ma'aikata na cikin gari gefe guda, sa'annan mu ƴaƴan manoma, Dungas da layinta, Sassumbrum da nata, Guci da nata. So yake ya ga, cikin waɗanda aka kamo tare, wane iri ne ke kai ƙarshe. Duk yaron da ya gudu ko aka kore shi, sai dogari ya ajiye tubali a gurbinsa.

Layin ƴan gari mutane ne. Namu tubala ne, sai ni tsaye a ƙarshe.

Kumandan ya bi tubalan yana ƙwanƙwasa kowanne da sandarsa, bai ɗaga murya ba. Na sha bulalar mushe, amma ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Da ya iso kaina ya yi magana a hankali, tafinta ya juya mini.

"Ya ce kai kaɗai ka rage. In ka faɗi, gidanku za a koma a ɗauko wani a madadinka."

Wani kuwa a gidanmu ɗaya ne: ƙanena, auta, wanda ya fara riƙe wa Inna fartanya.

Da na je hutu na same ta da ƙwaryar a shirye. Na gaya mata. Ta daɗe tana kallon rubutun, sa'annan ta zubar da shi gindin danga.

"Auta ba za shi ba," ta ce. "Kai an riga an cinye mini kai. Je ka ka ci musu abin nasu."

Maganar ta yi mini zafi, har yau tana yi. Washegari ta koma wurin malamin nan dai, ta ce yanzu na buɗe kai take so. Ya karɓi wani zakaran.

Na yi karatu kamar mai gudun kura. Ko tuwo nake ci, bakina na maimaita sunayen kogunan Faransa. Aka yi jarrabawa, na ci, har na wuce ƴaƴan sarakuna. Aka ce za a kai ni gaba, Damagaram.

Kumandan ya ji daɗi ƙwarai, kuma jin daɗinsa bai kwantar mini da hankali ba. Ya kira mai garinmu, ya dafa kaina a gabansa. Na riga na iya Faransanci, don haka kafin tafinta ya buɗe baki na ji: ƙauyen nan ba shi da amfani, amma gidan da ya fid da wannan yaro gida ne mai kai. Ko akwai saura?

Mai gari ya sunkuyar da kai ya ce akwai.

Ranar tafiyata, ina tsaye gindin kamyo, babbar motar da za ta kai ni, da ƙunshin kayana, sai ga dogari kan doki ya nufo ƙofar lakwal. Auta na biye da shi a ƙasa, ƙafafu sun yi buɗu-buɗu. Can baya Inna ce, ta biyo su tun daga Guci. Wannan karon ba ta kuka.

Na je na durƙusa. "Inna, abin da kika ce na yi."

"Ka yi," ta ce.

Ta kwance ƙullin ƙuli-ƙuli daga bakin zanenta, ta raba biyu, ta ba ni rabi, ta bi bayan dokin da ɗaya rabin. Damanar nan ita kaɗai ta shiga gona.